Najeriya '99: Shekarar Da Duniya Ta Sauka A Ƙofar Mata

Yaron da aka haifa bayan shekarar 2000 zai iya lissafo maka 'yan wasan Barcelona da Real Madrid tun daga gola har 'yan benci, ya gaya maka nawa aka sayo kowa da abin da yake ɗauka duk mako. Amma ka ce masa akwai lokacin da Xavi da Iker Casillas suka sha gumi a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna, ko ka ce masa Ashley Cole da Peter Crouch sun sauka a Kano cikin tawagar Ingila, suka koma gida ba su zura ko ƙwallo ɗaya ba, sai ya yi maka kallon mai tatsuniya. To, ba tatsuniya ba ce. A kan idonmu aka yi, cikin watan Afrilun 1999, lokacin da Najeriya ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya ta matasa 'yan ƙasa da shekara 20, wadda kowa ya fi sani da Najeriya '99. Mu da muka yi wayo a lokacin, muka kuma taka da ƙafarmu muka shiga fili, har gobe in aka zauna hirar ƙwallo sai zance ya karkata can.

Ba za a gane abin da ya sa gasar yara ta girgiza ƙasa haka ba sai an tuna irin jiran da aka sha. Tun a 1991 ya kamata a yi ta a nan, sai hukumar FIFA ta samu saɓani a takardun haihuwar wasu 'yan wasanmu, ta dakatar da mu daga gasannin matasa na shekara biyu, ta miƙa wa Fotugal baƙuncin. Aka sake ba mu ta 1995. An yi nisa da shiri, ana dab da farawa, FIFA ta ce tana fargabar cututtuka irin su sanƙarau, ta kwashe gasar ta kai Katar. A ƙarshen shekarar 1995 ɗin aka dakatar da Najeriya daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. A 1996 Super Eagles ba su je Afirka ta Kudu kare kofin Afirka da suke riƙe da shi ba, abin da ya jawo aka hana su shiga na 1998. Sai Allah ya yi wa Janar Sani Abacha rasuwa a watan Yunin 1998, Janar Abdulsalami Abubakar ya karɓi ragama, aka yi zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairun 1999, aka tsayar da ranar 29 ga Mayu don miƙa mulki ga farar hula. A wannan ɗan tsakanin gasar ta faɗo, daga 3 zuwa 24 ga Afrilu. Ƙasar da ta daɗe babu mai leƙo ta, sai ga baƙi daga ƙasashe 23 sun yi sallama a lokaci guda.

Ga shi kuma da ma mu mutane ne masu son ƙwallon yara. Mun taso muna jin yayyenmu suna ba da labarin 1985, yadda Golden Eaglets suka doke Jamus ta Yamma da ci 2 da nema a ƙasar Sin suka ɗauko kofin duniya na farko na 'yan ƙasa da shekara 16. Mun haddace labarin Dammam na 1989 kamar da mu aka yi, ranar da Tarayyar Sobiyet ta zura wa Flying Eagles ƙwallo 4, suka farke su duka, suka kuma yi nasara a bugun fenareti. Na 1993 kuwa, da su Nwankwo Kanu suka ciwo kofi a Japan, mun gan shi da idonmu a talabijin. Duk waɗannan a nesa aka yi su, sai dai mu ji a rediyo ko mu gani a akwati. Wannan karon aka ce garuruwa takwas za a raba wa wasannin: Legas, Ibadan, Inugu, Fatakwal, Kalaba, sai Kaduna da Bauchi da Kano. Uku a Arewa. Abin nema ya samu.

Ina makarantar sakandare a lokacin, gidanmu a cikin birnin Kano, daga ƙofar gida zuwa Ƙofar Mata tafiyar ƙafa ce. Babbar Sallah ba ta daɗe da wucewa ba, akwai sauran soyayyen naman layya a gidaje, bazara kuma ta kankama, zafin nan na Kano da ke sa kwalta ta yi laushi da azahar. Sabon filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya zama wurin yawon buɗe ido tun kafin a fara. Da yamma sai mu bi ta wajen marinar Ƙofar Mata mu tsaya muna kallon dogayen turakun fitilu, muna gardamar ko haskensu zai kai Dala. An shafe bakin tituna da fenti, an rataye tutocin ƙasashen da ba mu taɓa jin sunan wasunsu ba. A aji, malamin labarin ƙasa ya samu abin da ya daɗe yana nema. Yaron da bai taɓa kula taswira ba, sai ga shi yana neman inda Kosta Rika take, yana tambayar ko Kazakistan Musulmi ne.

Mahaifinmu ba mai ra'ayin ƙwallo ba ne, a wurinsa tamaula abin da ke hana yaro zuwa makarantar allo ce. Kawunmu, ƙanen mahaifiyarmu, shi ne ɗan ƙwallo, tsohon masoyin Raccah Rovers da ya koma Kano Pillars. Shi ya zo har zaure ya durƙusa ya ce, "Yaya, a ba ni aron yaran nan in kai su su ga duniya, tunda ga ta ta zo har gida." Baba ya yi shiru, can ya ce, "Na ba ka su, amma sallah ba ta san da wasa ba. In lokaci ya yi a tashi a yi." Haka kuwa aka yi. Ba mu kaɗai ba, duk wanda ya je filin nan zai tuna yadda ake shimfiɗa ɗankwali da kwali a bayan tsaunin 'yan kallo, a yi alwala da ruwan leda, a ja sahu, a idar a koma kallo.

Ranar Litinin 5 ga Afrilu aka buɗe wasa a Kano. Rukunin da aka raba tsakanin Kano da Bauchi ya ƙunshi Kamaru da Japan da Ingila da Amurka. Ba zan manta da lokacin da muka gama hawa matakala muka ɓullo ta sama ba. Mu da muka saba da filin ƙasa mai tsakuwa da ƙaya, inda ake aza duwatsu biyu a ce raga ce, sai ga ciyawa kore shar, an aske ta daidai wa daida, an ja farin layi kamar da rula. Na tsaya cak, sai da na baya ya ture ni. Ƙasa da mu masu talla suna ratsa mutane, mai rake, mai dafaffen ƙwai, mai gurasa, mai zoɓo da ƙanƙara, kowa yana ɗaga murya. Gefe guda masu kalangu sun buɗe wuta tun 'yan wasa ba su fito ba.

Kamaru maƙwabta ne, don haka su Kano ta bi. Amma akwai wanda muka sani a bencin Japan, wato kocinsu Philippe Troussier, Bafaranshen da ya horar da Super Eagles a 1997 har suka samu gurbin zuwa gasar Faransa '98, sannan aka sallame shi. Yaran da ya kawo ba su kai 'yan Kamaru jiki ba, kusa da su kamar ƙannensu. Sai da aka take wasa muka ga abin da ba mu saba gani ba. Ba sa ɗaga ƙwallo sama, ba sa riƙe ta, taɓawa ɗaya mutum ya miƙa wa ɗan'uwansa ya ruga ya buɗe. Kyaftin ɗinsu Shinji Ono yana ba da ƙwallo ba tare da ya kalli inda za ta ba, ta kuma je. Naohiro Takahara ya fara zura wa Kamaru, kafin Kamaru ta farfaɗo ta ci biyu a tashi 2 da 1. Mun yi murna da nasarar maƙwabta, amma a hanyar gida zancen 'yan Japan ake yi. Da suka koma Bauchi suka doke Amurka da Ingila, suka fitar da Fotugal a bugun fenareti, mutanen Bauchi suka rungume su kamar 'ya'yan gida.

Ingila kuwa ta ba mu mamaki ta wata fuskar. Mun sa rai za mu ga Michael Owen, wanda ya yi tashe a Faransa '98, shekarunsa kuma ba su wuce ba. Bai zo ba, domin manyan kulob-kulob na can sun riƙe yaransu. Waɗanda aka turo Amurka ta ci su, Kamaru ta ci su, Japan ta ci su. Amma ko da suka fita babu wanda ya jefe su ko ya zage su. Tafi aka yi musu. Kawu ya ce baƙo ne, kuma shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Na daɗe ina tuna wannan, domin abin da aka yi ta tsoratar da baƙin nan da shi kafin su zo, cuta da rashin tsaro da rashin tarbiyya, ba shi suka tarar a Kano ba.

Namu yaran, Flying Eagles, a Legas aka ajiye su, sai dai mu bi su a talabijin. Akwai Julius Aghahowa, wanda daga baya duniya ta san shi da alkafura in ya ci ƙwallo, da Pius Ikedia, ɗan gajere mai gudun tsiya, da Joseph Yobo da Rabiu Afolabi da Hashimu Garba, ga kuma Haruna Babangida ɗan Kaduna, wanda a lokacin yake Barcelona. Suka yi kunnen doki 1 da 1 da Kosta Rika a wasan buɗe gasa, suka doke Jamus 2 da nema, sai Faragwai ta ci su 2 da 1. Ƙasa ta ɗauki zafi, aka janye koci Tunde Disu ana tsakiyar gasa, aka ɗora Thijs Libregts, mutumin Holan da ke riƙe da Super Eagles. Mu a Kano baƙin cikin bai kwana ba. Da sun zo na ɗaya a rukuni, a Legas za su ci gaba da zama. Da suka zo na biyu, jadawali ya turo su Kano su kara da Ailan. Wani hanin ga Allah baiwa ne.

Ranar Laraba 14 ga Afrilu, tun hantsi Kano ta fara gangarowa Ƙofar Mata. 'Yan Kantin Kwari da yawa sun rufe shago, 'yan Sabon Gari sun taho a ƙungiya da kakaki da ganguna, 'yan acaɓa sun ɗaura kore da fari a madubi. Layin shiga ya miƙe har ba ka ganin ƙarshensa. Kawu ya riƙe hannuna da na ƙanena gam, ya ce ko me za a yi kada mu saki. Da muka samu wurin zama, a damana wani dattijo ne mai farin gemu da carbi a hannu, a hagun Kawu kuma wani Inyamuri mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari, ya zo da ɗansa. Kafin a fara wasa sun riga sun raba goro da Kawu.

'Yan Ailan ba kanwar lasa ba ne. Kocinsu Brian Kerr ya ci kofin matasan Turai da su a 1998, kuma akwai Robbie Keane da Damien Duff a cikinsu. Zafin ranar ya sa fuskokinsu sun yi jawur, muna cewa yanzu za su narke, sai ga Richard Sadlier ya zura mana ƙwallo kafin hutun rabin lokaci. Filin nan da ke amo ya yi tsit, har kana jin ihun 'yan bencinsu. Dattijon da ke kusa da ni bai ce komai ba, sai jan carbinsa da ya ƙara sauri. Aka dawo, yaranmu suka matsa, suka matsa, mu kuma muryoyinmu suka dishe. Can Ikedia ya farke. Ban ga yadda ƙwallon ta shiga ba sosai, domin kafin ta taɓa raga kowa ya miƙe, na ji an ɗaga ni sama, hular Kawu ta yi nata wuri. Aka cika lokaci 1 da 1, aka yi ƙarin lokaci babu wanda ya ci, aka tafi bugun fenareti.

Wanda bai taɓa kallon fenareti a cikin fili ba, yana tsakiyar dubban mutanen da zuciyarsu ke bugawa tare, bai san nauyin abin ba. Duk ɗan wasanmu da ya taho daga tsakiyar fili da ƙwallo a hannu, sai ka ji "Bismillahi" ta wannan gefe, "Jesus" ta wancan, buƙata ɗaya ake kai wa. Yaranmu suka zura biyar ɗinsu cif, Ailan ta tsaya a uku. Abin da na gani da idona shi ne dattijon nan mai carbi da mai kayan gyaran mota sun rungume juna suna tsalle, ɗaya na cewa "Alhamdu lillahi", ɗaya na kiransa "Baba, Baba". Daren nan Kano ba ta yi barci da wuri ba. Daga Ƙofar Nasarawa zuwa Fagge ƙarar hon ce kawai, masu shayi suka yi ciniki har tukunya ta ƙafe. Ko Baba da muka shigo gida sai da ya tambaya, "An ce kun ci?" Muka ce mun ci. Ya ce, "To madalla."

Murnar ba ta yi nisa ba. Ranar 18 ga wata aka tafi Inugu, Mali ta lallasa mu 3 da 1. A tsakar gidan maƙwabcinmu muka kalla, an fito da talabijin an ɗora a kan turmi da faifai, yara a tabarma, manya a benci, mata suna leƙe daga ƙofar ɗaki. Da alƙalin wasa ya hura tashi babu wanda ya yi gardama, kowa ya ga sun fi mu tsari. Yaran Mali suna wasa kamar sun shekara goma tare, namu kuwa kowa ƙoƙarin kansa yake yi. A wannan rana ce kuma Ghana, wadda Kaduna ta ɗauka tata tun da ta doke Ajantina a can, ta faɗi a hannun Sifaniya a bugun fenareti 8 da 7, Casillas na tsaron raga. Afirka ta rage saura Mali, duk muka koma bayanta.

Shi ya sa da aka ce Mali da Sifaniya za su yi wasan kusa da na ƙarshe a Kaduna ranar 21 ga wata, Kawu ya sake zuwa zaure neman aro. Muka hau mota a tashar Unguwa Uku, muka bi ta Kwanar Ɗangora da Zariya. Seydou Keita muka je gani, yaron da ƙafarsa ta hagu ta gagari kowa a gasar, tare da Mahamadou Diarra da Mahamadou Dissa. Filin Ahmadu Bello ya cika da masu goyon bayan Mali, amma Sifaniya ba ta bar mu mun ji daɗi ba. Ana cikin wasa Kawu ya taɓo ni ya nuna wani ɗan gajere a tsakiyar 'yan Sifaniya ya ce, "Kai, bar kallon ƙwallo, kalli wancan. Ba ya gudu, ba ya yanka, amma duk inda ta je wurinsa take dawowa." Na zuba masa ido. Kafin ƙwallo ta iso shi ya riga ya waiga hagu da dama, tana zuwa ya juya ya sake ta, ya matsa taku kaɗan ya sake karɓa. Xavi ke nan. Aka tashi 3 da 1, Sifaniya ta wuce.

Ranar Asabar 24 ga Afrilu a Legas, Sifaniya ta ragargaji Japan 4 da nema ta ɗauki kofi. Ono bai buga ba saboda katin gargaɗi da ya tara. Mali ta doke Yurugwai 1 da nema ta zo ta uku, aka ba Keita kyautar gwarzon ɗan wasan gasa, Pablo Couñago na Sifaniya ya karɓi takalmin zinare da ƙwallo 5. Aka yi wasa 52, baƙi suka koma gida lafiya. Mu kuma muka koma lungunanmu da ƙwallon roba, wannan ya ce shi ne Keita, wancan ya ce Ono, mai gudu a cikinmu aka laƙaba masa Ikedia.

Sai da shekaru suka tura na fahimci abin da muka kalla. Gasar matasa yabanya ce. Manomi ba ya auna hatsi da kyan yabanya, sai ya bi ta da noma da taki da haƙuri har kaka. Sifaniya ta koma da yaranta ta ci gaba da renonsu a kan salon wasa ɗaya. Xavi da Casillas da Carlos Marchena suka ci kofin Turai a 2008, suka ci na duniya a 2010 a Afirka ta Kudu, Casillas ne ma ya ɗaga shi. Japan ta bar Troussier da yaransa, a 2002 su Ono da Junichi Inamoto suka kai ƙasarsu zagaye na biyu na gasar duniya a karon farko. Keita ya je Barcelona ya zauna gefen Xavi ɗin nan da ya fitar da shi a Kaduna, suka ci kofin zakarun Turai tare a 2009 da 2011. Diarra ya haɗu da Casillas a Real Madrid. Ronaldinho, da Brazil ta zo da shi aka fitar da su tun a kwata-fainal, ya zama gwarzon duniya. Diego Forlán na Yurugwai ya zama gwarzon gasar duniya ta 2010. Shi kuwa Couñago da ya fi kowa cin ƙwallo bai taɓa buga wa babbar tawagar Sifaniya wasa ba. Ashe kofin yara da takalmin zinare ba su ne abin dubawa ba, abin da aka yi da yaran bayan an tashi shi ne magana.

A nan ne abin ke yi mini ciwo. A cikin namu, Yobo ya yi nisa, ya buga wa Najeriya wasa sama da 100, ya ɗaga kofin Afirka a 2013. Aghahowa ya yi zamaninsa. Da yawa kuwa sun watse, wasu dillalai sun kwashe su zuwa ƙasashen da babu mai bin sawunsu, wasu rauni ya kwantar da su babu mai tallafi. Ba a kan 'yan 1999 kaɗai abin ya tsaya ba. Babu ƙasar da ta kai Najeriya cin kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17, sau biyar: 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015. Sau biyu muna zuwa wasan ƙarshe na 'yan ƙasa da 20, a 1989 da 2005, a na biyun ne Lionel Messi ya ci mu da fenareti biyu. Amma babbar tawagarmu ba ta taɓa wuce zagaye na biyu a gasar duniya ba. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Muna son kofi yau-yau, shi ya sa ake canza koci ana tsakiyar gasa. Mun daɗe muna rufe ido a kan rage shekaru, wanda ke hana yaro na gaskiya gurbinsa, ya kuma sa wanda aka kai ya ƙare da wuri. Ba banza ba FIFA ta fara gwajin ƙashin wuyan hannu da na'ura don tantance shekaru a gasar 'yan ƙasa da 17 ta 2009.

Ita ma wannan ta 2009 a Najeriya aka yi, Kano da Kaduna da Bauchi suka sake karɓar baƙi, Siwizalan ta su Granit Xhaka ta ci mu 1 da nema a wasan ƙarshe a Abuja. Na je, na kuma ji daɗi, amma garin ya riga ya canza. Wayar hannu ta shigo, gidajen kallon ƙwallo sun cika kowace unguwa, matasa sun rabu gida-gida, wannan Arsenal, wancan Chelsea, wancan Manchester United. Yaro ya fi sanin filin Old Trafford a kan na garinsu. Kawu kuma a lokacin ƙafa ta fara ba shi wahala, bai iya hawa matakala ba. Yanzu ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa ya sa Aljanna ce makomarsa.

Ina kewar Najeriya '99, ba don mun ci kofi ba, ai ba mu ci ba. Ina kewarta don a makonni ukun nan na ga ƙasata yadda ya kamata ta kasance. Na ga Bahaushe da Inyamuri da Bayarabe a benci ɗaya, bakinsu ɗaya. Ba a cika shekara ba rikicin Kaduna na Fabrairun 2000 ya ɓarke, a garin da muka zauna kafaɗa da kafaɗa muna yi wa Mali tafi, aka yi asarar rayuka masu yawa. Tun daga nan na san zaman da muka yi a filin nan ba ƙaramar ni'ima ba ce. Ina kuma kewar filayen da muka koma muna kwaikwayon abin da muka gani. Filin makarantar firamarenmu yanzu shaguna ne, fegin da muke bugawa a bayan unguwa an yanka shi fuloti. Wasannin makarantu da ake yi aji da aji, gida da gida, makaranta da makaranta, yawanci sun mutu, sai ɗan abin da ya rage irin Kofin Ramat da ake yi a Kano.

Baiwa ba ta ƙare a ƙasar nan ba. Ahmed Musa daga Kano Pillars ya fita, Musa Muhammed da ya ɗaga kofin duniya na 2013 a matsayin kyaftin ɗan Kano ne. Irinsu suna nan a Brigade da Tudun Wada da Unguwar Sanusi da Wunti, suna buga ƙwallo ba takalmi. Kirana ga masu mulki, tun daga ƙaramar hukuma har tarayya, shi ne a bar wa makarantu filayensu, a dawo da gasar makarantu, a riƙa gyara filayen Kano da Kaduna da Bauchi ko babu baƙon da ake jira. Masu horar da yara su ji tsoron Allah su rubuta wa kowane yaro shekarunsa na gaskiya, ko da za a rasa kofi. Ku kuma iyaye da kawunnai da yayye, ranar da ake wasa a garinku, ku kama hannun yaro ku kai shi fili ya gani da idonsa, ku zaunar da shi kusa da wanda ba yarensu ɗaya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gani ya kori ji.